Ƙaramin Kuskure a Awo, Babbar Ɓarna a Madatsa

Ƙungiyoyin manoma da yawa suna so su tare ruwa a kwari domin noman rani, ko su sa kwalbati a hanyar kasuwa. Kafin a fara haƙa, injiniya zai yi lissafin yawan ruwan da zai bi wurin a ranar da aka yi ruwa mafi ƙarfi. Da wannan lissafi yake yanke faɗin mafitar da rarar ruwa za ta bi. Abubuwa huɗu yake tambaya: yawan ruwan sama, tsawon lokacin da ya yi yana zuba, faɗin ƙasar da ke turo ruwa cikin kwarin, da irin ƙasar. Idan aka ba shi awon da ba daidai ba, lissafinsa ma ba zai fita daidai ba.

Ku fara riƙe wannan: milimita 1 na ruwan sama a kan hekta 1 lita 10,000 ne, watau duro 50 mai cin lita 200.

Ga misali. A ce ma'aunin ruwan sama ya nuna milimita 50, ƙasa kuwa ta shanye 30. Saura 20 ke nan za su gangara kwari. A kan hekta 100, duro 100,000 ne. To, a ce an kafa ma'aunin kusa da itacen mangwaro, ganye ya tare wani ruwa, alhali ainihin abin da ya zuba milimita 60 ne. Ƙasa ba za ta ƙara shan kome ba domin mun yi kuskure. 30 ɗin nan za ta sha, 30 su gangara, watau duro 150,000. Kuskuren milimita 10 kaɗai ya ƙara rabin ruwan. Idan kuma aka manta da wani tudu mai turo ruwa, ƙasar ta zama hekta 120, ruwan ya kai duro 180,000. Ya kusa ninka abin da aka shirya wa mafita.

Lokaci ma yana da nasa. Milimita 60 da ya kwana yana yayyafi yakan shige ƙasa a hankali. Idan ya zuba cikin sa'a ɗaya, gaba ɗaya yake isa madatsa. Haka nan jigawa takan sha ruwa da yawa, fako da laka ba su sha sosai, a watan Agusta kuwa kowace ƙasa ta riga ta ƙoshi. Ranar da ruwa ya fi ƙarfin mafita, sai ya haura kan madatsar ƙasa, ya cinye ta. Manyan madatsu ma ruwa yakan fi ƙarfinsu: ta Bagauda kusa da Kano ta fashe a Agustan 1988, ruwan ta Alau kuma ya mamaye Maiduguri a Satumban 2024.

Saboda haka ga abin da kowace ƙungiya za ta yi:

1. A kafa ma'auni tsaye cak a fili. Nisansa da itace ko ɗaki ya kai aƙalla ninki biyu na tsawonsu.
2. Mutum ɗaya ya riƙa dubawa kowace safiya a lokaci guda, ya rubuta a littafi nan take. Ranar da bai duba ba ya rubuta haka, kada ya sa sifiri.
3. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi, a rubuta lokacin da ya fara da lokacin da ya ɗauke.
4. A zagaya iyakar ƙasar da ƙafa tare da malamin gona, a ga inda kowane ruwa yake nufa.
5. A tambayi dattawa inda ambaliya mafi girma ta taɓa kaiwa, a kafa turke a wurin, a nuna wa injiniya.

Idan lissafi ya ce abu kaza, turken dattawa kuwa ya nuna ruwa ya taɓa wuce haka, a sake awo tun ba a zuba ƙasa ba. Ƙara faɗin mafita da rani ya fi sauƙi a kan sake gina madatsa bayan damina.