Ɗalibai da marasa matsuguni a Salaga, Yendi da Bawku: Abubuwan da ya kamata ka sani

Su waye marasa matsuguni a nan?

Yawancinsu suna da gida, raba su da shi aka yi. A Gnani, kusa da Yendi, akwai sansanin da waɗanda aka zarga da maita ke fakewa, galibi tsofaffin mata. A Kafaba, kusa da Salaga, duka aka yi wa Akua Denteh, mai shekara 90, har ta rasu a Yulin 2020 kan irin wannan zargi. A Bawku kuwa, rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya tarwatsa iyalai, ga kuma 'yan gudun hijirar Burkina Faso da aka tsugunar a Tarikom.

Mene ne koyo ta hanyar hidima?

Shi ne a haɗa aikin taimaka wa irin waɗannan mutane da darasin aji. Ɗaliban ƙaramar sakandare, wato JHS, su ɗebo wa tsohuwa ruwa, su share mata ɗaki, su tara mata itace. Malamin lissafi ya sa su auna mudu nawa na masara zai kai ta wata guda. Malamin addini da tarbiyya ya zaunar da su bayan sun dawo: me kuka gani, me ya kore ta daga gida?

Yaya yake dasa tausayi?

Yaro mai shekara 13 abin da ya ji a bakin manya yake ɗauka. In an ce mayya ce, shi ne na farkon ɗaukar dutse. Amma in ya durƙusa ya ce "Kaka, ina kwana," ya ga hannunta na rawa ta kasa ɗaga bokiti, ta kuma tambaye shi lafiyar mahaifiyarsa, da wuya gobe ya shiga sahun masu jifa.

Baƙon abu ne?

A'a. Tun zamanin fataken goro, masu masauki a Salaga ke ba baƙo ɗaki da abinci. Makaranta tsari kawai za ta ƙara.

Me za a kiyaye?

A nemi izinin iyaye da na shugabannin wurin. Malami ya raka yara. A Bawku a kula da dokar hana fita. Kada a ɗauki hoton mabukaci a watsa a Facebook. A kuma riƙa komawa a kai a kai, domin ziyara ɗaya kallo ce kawai, sabo ne ke sa yaro ya san sunan tsohuwar da damuwarta.