BABI NA UKU: HAƊARIN SINADARIN KULORIN DA HANYOYIN KIYAYE SHI A AIKIN TACE RUWAN BIRNIN KATSINA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda ake samar wa birnin Katsina ruwan famfo daga madatsar ruwa ta Ajiwa da ke ƙaramar hukumar Batagarawa, wadda aka gina a tsakiyar shekarun 1970, kuma Hukumar Ruwa ta Jihar Katsina ke kula da ita. An nuna cewa ana fara zuba wa ruwan alif domin laka ta kwanta, a tace shi ta cikin yashi, sannan a ƙarshe a sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wannan babi zai tsaya ne a kan wannan magani, wato kulorin, ta fuskar kamanninsa da illarsa da kuma yadda ya kamata a riƙa ajiye shi da aiki da shi.

3.1 Kulorin da Amfaninsa

Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Carl Scheele ne ya fara gano kulorin a shekarar 1774. Birnin Jersey City na Amurka ya fara sa shi a ruwan shan jama'a ba yankewa a 1908, daga nan kuma al'adar ta watsu a duniya. Amfaninsa shi ne kashe ƙwayoyin cututtuka irin su kwalara da taifot da atuni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sami aƙalla miligiram 0.5 na kulorin a kowace lita bayan ya yi minti 30 a cikin ruwa, kuma kada abin da ke isa bakin famfo ya gaza miligiram 0.2. Annobar kwalara ta 2021, wadda ta halaka sama da mutum 3,000 a Nijeriya, Jihar Katsina na cikin wuraren da ta shafa, ta isa ta nuna cewa ba a iya rabuwa da wannan sinadari. To sai dai ƙarfin da yake kashe ƙwayar cuta da shi, da shi ne yake ƙona huhun ɗan Adam.

A matatun ruwa kulorin kan zo a kama biyu. Akwai na gas, wanda ake matsewa ya zama ruwa a cikin tukwanen ƙarfe, ƙananansu masu cin kimanin kilo 68, manyansu kuwa kusan tan guda. Akwai kuma na gari, fari mai kaifin wari, wanda ma'aikata suka fi sani da HTH, kuma kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari nasa kulorin ne.

3.2 Haɗarin Kulorin na Gas

Launin wannan gas tsakanin kore da rawaya yake, kuma ya fi iska nauyi sau biyu da rabi. Saboda haka idan ya tsiyaye ba ya tashi sama kamar hayaƙi, sai ya bi ƙasa ya kwanta a kwari da magudana da ɗakunan da ke ƙasa. Bugu da ƙari, lita ɗaya ta ruwan kulorin kan zama kusan lita 460 ta gas da zarar ta fito fili. Wannan shi ya sa ɗan ƙaramin tsagu a jikin tukunya kan iya cika unguwa.

Idan mutum ya shaƙe shi, yakan haɗu da danshin ido da hanci da maƙogwaro ya rikiɗe ya zama asid. Alamun farko su ne hawaye da tari da zafin ƙirji. Kashi 10 kacal cikin miliyan na iska an ɗauke shi a matsayin haɗari ga rai nan take, kashi 1,000 cikin miliyan kuwa yana kisa cikin 'yan mintoci. Wani abin lura shi ne, wanda ya shaƙa yana iya ganin kamar ya warware, amma bayan wasu awoyi ruwa ya taru masa a huhu. Saboda wannan illa ce sojojin Jamus suka yi amfani da shi a matsayin makami a Ypres ta ƙasar Beljiyam a watan Afrilun 1915.

Ba sai an je nesa ba wajen neman misali. A watan Yulin 2015 kulorin ya tsiyaye daga wata tukunya a matatar ruwa ta Lamingo da ke Jos, inda mutum 8 suka rasu, aka kwantar da kimanin 100 a asibiti, cikinsu har da mazauna gidajen da ke kusa da matatar. Haka kuma a watan Yunin 2022 wani tankin kulorin ya faɗo daga ƙugiyar ɗaukar kaya a tashar jiragen ruwa ta Aƙaba a ƙasar Jodan, mutum 13 suka mutu. Darasin da ke cikin hatsarin Jos shi ne, abin bai tsaya ga ma'aikata kaɗai ba, har da maƙwabta.

3.3 Haɗarin Kulorin na Gari

Mutane da yawa na ganin garin kulorin bai kai gas haɗari ba, wannan kuwa shi ke jawo sakaci. Idan garin ya haɗu da man fetur ko baƙin mai ko giris ko tsumma mai maiƙo, yana iya kamawa da wuta da kansa. Idan kuma ya haɗu da abu mai tsami, nan take sai ya saki gas. A nan ya kamata a lura cewa ruwan alif yana da tsami, ga shi kuma sau da yawa ana ajiye sinadaran biyu a harabar matata ɗaya. Don haka bokitin da aka dama alif a ciki bai dace a ɗebi garin kulorin da shi ba. Wajen damawa kuma, garin ake zubawa a cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a kwara ruwa a kan gari.

3.4 Hanyoyin Kiyayewa

Yanayin Katsina ya sa maganar ajiya ta zo a gaba. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a inuwa, ƙarfen da aka yasar a rana kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Zafi na ƙara matsin da ke cikin tukunya, kuma yawancin tukwanen suna da wani toshi da aka yi don ya narke a wajen digiri 70 zuwa 74, ya saki gas ɗin kafin tukunyar ta fashe. Shi ma garin zafi da danshi na rage masa ƙarfi. Saboda haka wajibi ne a kiyaye waɗannan abubuwa:

(a) A ajiye tukwane a inuwa, nesa da wuta. Ƙananan a tsayar da su a ɗaure da sarƙa, manyan a kwantar da su a kan matokara.

(b) Ɗakin ajiya ya kasance da mafitar iska ta kusa da ƙasa, tun da gas ɗin ƙasa yake bi, ƙofarsa kuma ta riƙa buɗewa ta waje.

(c) Kada mutum ɗaya ya canza tukunya shi kaɗai, kuma kada a sa wa bawul mai ko a buge shi da guduma.

(d) A riƙa gwada yoyo da tururin amoniya. Idan akwai yoyo za a ga farin hayaƙi ya tashi.

(e) Kada a fesa ruwa a wurin da ke yoyo, domin ruwa na haɗuwa da kulorin ya ci ƙarfen, ramin ya ƙara faɗi. A juya tukunyar yadda wurin yoyon zai kalli sama, don gas ya fita maimakon ruwan kulorin.

(f) Takunkumin ƙyalle ba ya tare kulorin. Mai shiga wurin yoyo sai da na'urar numfashi mai tukunyar iska da ake goyawa a baya, tare da safar roba da tabarau.

3.5 Abin Yi Idan Hatsari Ya Auku

Abu na farko shi ne a duba inda iska ke kaɗawa. A Katsina iskar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa, ta damina kuwa daga kudu maso yamma. Mai gudu ya nufi wajen da iska ke fitowa, ko ya ratsa ta gefe, ya kuma nemi tudu. Wannan ne dalilin kafa tuta a kan rufin matata. Wanda ya shaƙi gas a fitar da shi fili, a zaunar da shi, a cire masa tufafin da suka jiƙe, a wanke idonsa da ruwa mai gudana na aƙalla minti 15. Kulorin ba shi da makari, don haka ba shi madara ko manja ɓata lokaci ne kawai. A garzaya da shi asibiti ko da ya ce ya ji sauƙi, a kuma sanar da 'yan kwana-kwana da masu unguwannin da ke kusa.

3.6 Naɗewa

Wannan babi ya nuna cewa lafiyar masu shan ruwan famfo a Katsina ta dogara da kulorin, lafiyar ma'aikata da maƙwabtan matata kuma ta dogara da yadda ake riƙe shi. Inuwa, raba shi da mai da alif, kayan kariya, horar da ma'aikata da wayar da kan ƙauyukan da ke kewaye, duka ba su kai tsadar rai ɗaya ba. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Babi na gaba zai duba yadda ake auna kulorin da ya rage a ruwa bayan ya bar matata zuwa unguwannin cikin birni.