Matsalolin Mayar da Wasa Daga Wata Na'ura Zuwa Wata: Misalin Pac-Man

Kamar yadda mai fassara ke fuskantar wahala in harshen da zai juya magana cikinsa ba shi da kalmomin da ake bukata, haka nan mai mayar da wasan kwamfuta daga wata na'ura zuwa wata. Misalin da ya fi fito da wannan matsala fili shi ne na wasan Pac-Man.

Kamfanin Namco na ƙasar Japan ne ya fitar da wannan wasa a shekarar 1980, cikin manyan akwatuna da ake jefa wa kwabo a gidajen wasa. An ƙera akwatin ne musamman domin irin wannan wasa: allonsa a tsaye yake, kuma yana iya nuna hotuna takwas masu motsi a lokaci guda. Ita kuwa na'urar Atari 2600, wadda aka fara sayarwa a Amurka a 1977 don a jona ta da talabijin a gida, ƙwaƙwalwarta ta aiki ba ta wuce bayit 128 ba, wato abin da bai kai jimla biyu na rubutu ba. Bugu da ƙari, manyan hotuna biyu kacal take iya zanawa a kan layi ɗaya.

Da aka ɗora wa Tod Frye aikin mayar da wasan cikin kaset mai ɗaukar kilobayit 4, sai ya tarar da hotuna biyar: Pac-Man da dodanni huɗu masu binsa. Dabarar da ya yi ita ce, a riƙa nuna dodannin ɗaya bayan ɗaya cikin hanzari, da fatan idon mutum zai ɗauka duk suna nan. Sakamakon haka dodannin suka riƙa ƙyaftawa, har suka zama da wuyar gani. Aka kuma sake fasalin filin wasan don ya dace da faɗin talabijin, ɗige-ɗigen da Pac-Man ke ci suka koma 'yan layuka.

Kaset ɗin ya fito a 1982, aka sayar da miliyoyinsa, amma masu saye da yawa suka ji an yaudare su. Wannan na cikin abubuwan da suka zubar da amanar jama'a kafin kasuwar wasannin ta durƙushe a Amurka a 1983.

To, amma ba na'urar kaɗai ke da laifi ba. Da aka mayar da Ms. Pac-Man kan wannan na'ura dai, cikin kaset mai kilobayit 8, wasan ya fi kama da asalinsa nesa ba kusa ba. Ashe ke nan, iyakar na'ura gefe ɗaya ce ta matsalar. Ɗaya gefen shi ne wurin ajiya da lokacin da kamfani ya yarda ya ba ma'aikacinsa.