Ina Dodon Koɗin Iowa Ya Ɓuya?

A shekarar 1928 masana a Amurka suka raɗa wa wani ɗan mitsitsin dodon koɗi suna, alhali babu wanda ya taɓa ganinsa da rai. Ƙwansonsa kawai ake tonowa daga tsohuwar ƙasa, faɗinsa bai kai santimita ɗaya ba, kuma duk inda aka same shi, ƙasar ta zamanin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin nahiyar ce. Kowa ya ɗauka ya shuɗe tare da wancan sanyi. Kwatsam a 1955 sai wani mai nazarin irin waɗannan halittu, Leslie Hubricht, ya tsince shi da ransa a gefen wani tsauni a arewa maso gabashin jihar Iowa, inda zafin watan Yuli kan haura digiri 30. To, ina ya maƙale fiye da shekara dubu goma?

Bakin zaren yana kan fuskar ƙasar. Mafi yawan tsakiyar Amurka fili ne shimfiɗe, gonakin masara iya ganinka. Amma a saman kogin Misisipi, inda jihohin Wisconsin da Minnesota da Iowa da Illinois suka haɗa iyaka, sai ƙasa ta sauya: tuddai, kwaruruka masu zurfi, duwatsu tsaye, da ƙoramu masu sanyi da ke ɓulɓulowa daga gindin tsauni. Yankin, wanda ake kira Driftless, ya kai kusan murabba'in kilomita 62,000. Manoman shanun nono ne ke zaune a cikinsa, da 'yan Amish masu keken doki, kuma tun kafin su 'yan asalin ƙasar sun tara tuddan ƙasa masu siffar tsuntsu da dabba a kan tsaunukansa.

Abin da ya fara jan hankalin masana shi ne abin da babu. Ƙanƙara mai kauri idan ta ja ciki ta wuce, takan aske tuddai, ta cike kwari, ta bar laka da tsakuwa da baƙin duwatsun da ta kwaso daga Kanada. A maƙwabta manomi kan sha fama da waɗannan duwatsu a gonarsa. A tsakiyar wannan yanki babu su. T. C. Chamberlin da R. D. Salisbury sun yi dogon rahoto a kan haka a 1885. Dalilin kuwa yana can arewa: kwarin da tafkin Superior da na Michigan suke ciki a yau ya janye ƙanƙarar gabas da yamma, tudun arewacin Wisconsin kuma ya rage mata ƙarfi. Ta zo daga ɓangarori dabam-dabam a lokuta dabam-dabam, ba ta taɓa rufe tsakiyar wurin ba. Gefen Iowa ya taɓa shan ta a can da daɗewa sosai, amma zuwanta na ƙarshe bai kai can ba.

Sai dai wannan bai warware komai ba tukuna. Tsira daga ƙanƙara dabam, tsira daga zafin da ya biyo bayanta dabam, kuma zafi ne ajalin wannan dodon koɗi.

Tsirrai ne suka ba da alama ta biyu. A daidai inda yake, akwai itatuwan da mazauninsu na asali ke can arewa mai nisa, irin su balsam fir, da wani fure mai ruwan shuɗi da ake kira northern monkshood. Ba su bazu a daji ba. Sun taru ne a 'yan wurare ƙanana, yawanci a gefen tsauni mai fuskantar arewa, a kan tarin farfasassun duwatsu da gansakuka ta rufe. Wanda ya kai hannu bakin wata kafa a tsakanin duwatsun da tsakar zafi zai ji iska mai sanyin gaske tana fitowa. A garin Decorah ma akwai kogon da ƙanƙara kan kwana a cikinsa har tsakiyar lokacin zafi.

Ga yadda abin yake. Dutsen yankin irin na farar ƙasa ne, wanda ruwa ke ci a hankali har ya bar tsage-tsage da koguna, a saman tudu kuma ƙasa ta burma ta zama ramuka. Da hunturu iska mai tsananin sanyi na shiga ta gindin tsauni, ta daskarar da dutsen, mai ɗumi ta fice ta ramukan sama. Ruwan da ya tsiyaya ciki bayan dusar ƙanƙara ta narke sai ya daskare. Idan zafi ya zo tafiyar ta juya: iska ta shiga ta sama, ta bi ta kan ƙanƙarar, ta yi nauyi, ta gangaro ta fito a gindi. Tsaunin ya zama kamar randa a ɗakin ƙasa, waje na ƙuna ciki na sanyi. A nan dodon koɗin yake zaune, yana cin ruɓaɓɓen ganye.

Wannan ne ya haɗa alamun biyu. Da ƙanƙarar ƙarshe ta bi ta wurin, da ta binne tsage-tsagen. Da yake kusa kawai ta tsaya, sanyinta ya farfasa fuskar duwatsun ya tara su a gindi, ya bar hanyar iskar a buɗe.

Abin da ke damuna shi ne ƙanƙantar wuraren. Waɗanda aka san yana rayuwa a cikinsu ba su kai 40 ba, a Iowa da Illinois. Garken shanu na iya tattake guda a 'yan kwanaki, sare itatuwa kuma na kwashe inuwar. An sa shi cikin halittun da ke fuskantar ƙarewa a 1978, a 1989 gwamnatin tarayya ta kafa gandun kariya dominsa da furen nan. Kare gangaren kaɗai bai isa ba, dole a haɗa da ramukan saman tudu, waɗanda sau da yawa a gonar wani suke. Manomin da ya cike ramin gonarsa da shara ko ƙasa zai toshe iskar, gangaren da ke can ƙasa ya ɗumama.