Kafin Ka Sayi Garmaho Don Fayafayan Baba

A gidaje da yawa a Sabo da Shasha akwai fayafayan garmaho na Shata da Ɗan Maraya Jos da iyayenmu suka bari. Allura mara kyau tana cinye faifai, kuma abin da ta kankare ba ya dawowa.

Da farko duba gudu. Babban faifai 33 yake juyawa a minti, ƙarami 45, tsoho mai nauyi 78, kuma shi allurarsa daban ce.

Na biyu, wuta. Tamu 230V ce, 50Hz. Ta Amurka 120V, 60Hz. Tokumbon Amurka zai iya ƙonewa. Ko ka sa taransifoma, wasu injinan a hankali za su riƙa juyawa, muryar Shata ta yi kauri.

Na uku, ƙaramin amfilifaya da ake kira phono. Sautin da ke fitowa daga kan allura ɗan kaɗan ne, wajen milivolt 5, kuma tun wurin yanka faifai an rage ƙarar ganga. Phono ne ke ɗaga sautin ya mayar da gangar. In bayan amfilifayarka akwai ramin PHONO, shi ke nan. In babu, sai ka saya daban. Ka ɗaura wayar GND, in ba haka ba za ka yi ta jin gurnani.

Audio-Technica AT-LP120XUSB yana da gudu ukun, da phono a ciki, da USB na kwafewa zuwa kwamfuta. Wanda ya ga gobarar Shasha ta Fabrairun 2021 ya san amfanin kwafi. Allah Ya tsare gaba.