Kafin Ki Bar Wa Yaro Ashana da Tukunyar Gas

A layinmu akwai wata yarinya 'yar aji uku a firamare da yanzu haka ake kai ta wankin ciwo a ciki da cinya. Ta taso daga boko wajen ƙarfe biyu, ta tarar uwar ta tafi gidan suna, an bar mata sallahu cewa ta dafa Indomie su ci ita da ƙaninta kafin lokacin Islamiyya. Ta kunna 'yar tukunyar gas ɗin nan mai murhu a ka, ruwa ya tafasa, ta kama hannun tukunya da gefen hijabinta za ta sauke, ƙanin ya ja ta ta baya, tukunya ta kife mata a jiki. Duk wanda ya je dubiya sai ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yarda da ƙaddara, amma mutum ne ya ajiye ashana inda hannun 'yar shekara takwas zai kai, ya sa ƙafa ya fita.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda wannan ganganci ya zama abin alfahari. Sai ki ji uwa tana cewa, "Ai Ummi ta iya girki, ko ba na nan ba na jin komai." Uban kuma ya sayo katan guda na Indomie ya jibge a ɗaki, a ganinsa ya gama da matsalar abincin rana. An ɗauka dafa Indomie ba girki ba ne, tunda minti kaɗan ne. To ruwan da ya dafa ta da wanda ya dafa tuwo duk zafinsu ɗaya, fatar yaro kuwa ta fi ta babba laushi, ƙunar da za ta tsaya wa babba a sama sai ta ci yaro har ciki. A asibitin Jami'ar Chicago a Amurka an duba yaran da aka kwantar saboda ƙunar ruwan zafi daga 2010 zuwa 2020, aka tarar kusan ɗaya cikin uku irin wannan taliya ce sanadi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe mutum kusan 180,000 a shekara, mafi yawansu a ƙasashe marasa ƙarfi irin namu.

Tun da kananzir ya gagari talaka, tukunyar gas mai kilo uku ko shida ta shiga gidaje da yawa a birni. A ƙasa take zaune, daidai tsayin yaro mai koyon tafiya, kuma tukunyar girki ba ta zama daram a kanta. Iskar gas ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, in ta zube ba ta tashi sama, kwanciya take yi a ƙasan ɗaki tana jiran ƙyastu ɗaya. Yaro kuwa yakan buɗe gas tukuna, sannan ya tafi neman ashana. Ga hijabi mai santsi da 'yan mata ke dawowa da shi daga makaranta: in wuta ta kama irin wannan yadi, narkewa yake yi ya manne da fata.

Ba cewa nake yi yara su zauna da yunwa sai kin dawo ba, kuma ba kowace uwa ce ke fita don biki ba. Wata aiki take zuwa, wata kasuwa. Abincin da yaro zai haɗa da hannunsa ba tare da ya kusanci wuta ba yana da yawa, mu ne muka raina shi. Kwaɗon garin rogo: a yayyafa wa gari ruwa mai tsabta, a zuba dakakken ƙuli-ƙuli, ɗan mai, ɗan yaji, da tumatir da albasar da kika yanka tun da safe kika rufe. Ɗan shekara bakwai zai iya wannan, kuma ya fi Indomie riƙe ciki har a taso daga Islamiyya. Zogale ko rama da kika dafa kika matse, shi ma ƙuli kawai yake jira. Dafaffen dankalin Hausa da mai da yaji, burodi da dafaffen ƙwai wanda yaro zai ɓare da kansa, ayaba da soyayyar gyaɗa, fura da kindirmo a dama da ludayi. Aikin wuta da wuƙa naki ne, da safe; aikin haɗawa nasu ne, bayan sun wanke hannu da sabulu. A nan ma suke koyon girkin na gaskiya, wato sanin gwargwadon gishiri da mai. Gishirin kuwa a kula da shi: abin da aka yarje wa babba a yini bai kai giram 5 ba, na yaro ƙasa da haka, ƙullin sinadarin da ke cikin taliyar leda kuma gishiri ne mafi yawansa.

In dafaffen abinci za ki bari, kamar garau-garau ko dambu, zuba shi da zafinsa a kula mai riƙe zafi sosai, a rufe. Kada ki bar shinkafa a tukunya tun hantsi cikin zafin bazara; dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a ajiye haka ba, kuma dafin da ƙwayar cuta ke zubawa a shinkafa ɗumame ba ya kashe shi. Ƙwai da nono ma ba sa son zafi, a nema musu wuri mai sanyi.

Yaron da ya tasa, kamar ɗan sha biyu zuwa sama, a koya masa gas kina tsaye a kansa, sau da yawa, kafin ya taɓa shi shi kaɗai: a cire hijabi, a fitar da ƙanana waje, a sauke tukunya da tsumma busasshe bayan an kashe wuta. In an ji warin gas, a buɗe ƙofa da taga a fita, kada a taɓa makunnin lantarki. Yaron da bai kai sha biyu ba kuwa, ki kulle tukunyar gas ɗin a ɗaki, ashana ta bi ki a jaka.

In kuma ƙunar ta auku, don Allah a daina shafa man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja ko gishiri. Ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, za a yi ta kwarara wa wurin na minti 20. A cire tufafin da ya jiƙe in bai manne da fata ba, kada a fasa ƙurjin da ya yi ruwa, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Ƙunar da ta kai faɗin tafin hannun yaron, ko ta taɓa fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, ta wuce kemis ɗin unguwa, asibiti za a nufa nan take.