Ƙauyen da ke zaune cikin da'irar duwatsu

Yau za mu kai ku ƙasar Ingila, mu ga wani ɗan ƙauye da mutanensa ba su kai 1000 ba. Sunansa Avebury, a baki kuwa ana cewa Ebiri. Yana yamma da birnin Landan.

In kun je Ebiri, abin da za ku fara gani shi ne wata tsohuwar ganuwa da rami mai zurfi. Kewayensu ya fi kilomita 1. Cikin ganuwar akwai manyan duwatsu a tsaye, an jera su sun yi da'ira. Wasunsu sun fi tan 40 nauyi. Gidajen wani sashe na ƙauyen suna cikin da'irar nan, tumaki suna kiwo tsakanin duwatsun.

Su wa suka yi wannan aiki? Manoma ne da makiyaya da suka zauna wurin shekara kamar 4500 da suka wuce. Ba su san ƙarfe ba, ba su san rubutu ba. To, ƙaƙa aka san labarinsu? Ƙasa ce ta ajiye shi. Da masu bincike suka tona ramin, sun iske zurfinsa na asali ya kai mita 9. A gindinsa sun sami ƙahonin barewa. Da su ne mutanen suka haƙa ramin, su ne magirbinsu.

Da farko duwatsun babbar da'ira sun kusa 100. Yau kamar 30 suka rage a tsaye. Ina sauran?

Shekara kamar 700 da suka wuce, mutanen ƙauyen suka shiga tona ramu suna kā da duwatsun, suna bizne su. Daga baya, wajen shekara ta 1700, jikokinsu suka sami wata dabara. Su hura wuta jikin dutse har ya yi zafi, su zuba masa ruwan sanyi, ya tsage, su farfasa shi da guduma. Da gutsattsarin suka gina gidaje da katangu.

A lokacin nan wani likita mai suna William Stukeley ya riƙa zuwa ƙauyen, daga 1719 zuwa 1724. Bai iya hana ɓarnar ba. Amma ya ɗauki alƙalami da takarda, ya zana duwatsun, ya rubuta inda kowane yake. Duwatsu da yawa sun tafi, takardunsa kuwa suna nan har yau.

Bayan shekara 200, wani attajiri, Alexander Keiller, ya sayi filin. Ya tono duwatsun da aka bizne, ya sake tsai da su. Inda dutse ya ɓace, ya kafa ɗan ginshiƙin siminti don shaida. A 1938 ma'aikatansa suka ɗaga wani dutse, sai ga ƙasusuwan mutum a ƙarƙashinsa. Tare da shi akwai almakashi da kuɗin azurfa 3. Kuɗin nan ne suka nuna zamaninsa, wato jim kaɗan bayan shekara ta 1300. Saboda almakashin, aka ce wanzami ne. Har yau ana kiran dutsen da sunan dutsen wanzami.

Mutanen Ebiri suna da tatsuniyoyinsu. Akwai wani dutse mai gurbin zama, suna ce masa kujerar Shaiɗan. Akwai wani kuma da suke cewa yana ƙetare hanya da tsakar dare. A watan Yuni, ranar da yini ya fi tsawo, baƙi suna taruwa su ga fitowar rana. A 1986 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan gadon duniya.

Ƴan'uwa, ku lura da abu guda. Dutsen da aka bizne an same shi, wanda aka fasa kuwa ya tafi ke nan. Abin da ya rage nasa shi ne abin da mutum ɗaya ya rubuta. In kuna noma kuka tono tsohuwar tukunya ko wani abin mutanen dā, kada ku fasa. Ku rubuta rana da wurin, ku sanar da hukuma.

Mu kwana nan, sai mako mai zuwa.